Jaririn Mai Ciwon Sukari

Jaririn mai ciwon sukari shi ne wanda sukarin jinin mahaifiyarsa ya yi yawa lokacin da take ɗauke da cikinsa, ko dai tana da ciwon tun da can, ko kuma cikin ne ya zo da shi. Na biyun ake nema a awon ciki tsakanin mako na 24 da na 28: a ba mace ruwa mai giram 75 na gulukos ta sha, a auna jininta. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013, idan awon da aka yi kafin ta ci komai ya kai 5.1 mmol/L (ma'aunin yawan sukari a jini), ciwon ya tabbata.

Likitan ƙasar Denmak, Jørgen Pedersen, shi ya bayyana tushen matsalar a 1952. Sukarin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, amma insulin ɗinta, wato sinadarin da jiki ke samarwa don rage sukarin jini, ba ya ratsawa. Sai ɗan tayin ya riƙa samar da nasa insulin da yawa, yana mayar da rarar sukarin kitse. Shi ya sa sau da yawa ake haihuwarsa ƙato, kilo 4 ko fiye. 'Yan barka kan yi murna da wannan girma, alhali shi ke sa kafaɗa ta maƙale bayan kai ya fito, har jijiyar hannu ta taɓu, ko a kai ga tiyata.

Haɗarin da ya fi ɓuya yana zuwa ne bayan an yanke cibiya. Sukarin uwa ya tsaya, insulin ɗin jaririn kuwa yana nan da yawa, sai sukarinsa ya faɗi cikin awannin farko. Wani hannunsa ya riƙa karkarwa, wani ya yi laƙwas ya ƙi kama nono, wani ya yi jijjiga. Da yawa kuma ba sa nuna alamar komai. Saboda haka ake tsikarar diddigensa a auna ɗigon jini, kuma asibitoci da dama sun ɗauki ƙasa da 2.6 mmol/L a matsayin faɗuwa. Idan faɗuwar ta yi tsanani ta daɗe, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Maganin farko nono ne: a kwantar da shi a ƙirjin uwa, ya sha cikin awa ɗaya, sannan duk bayan awa biyu zuwa uku. A nan al'adar matse dakashi a zubar take da illa ƙwarai, domin shi ne abincin da jaririn ke buƙata a daidai wannan lokaci. In nono bai isa ba, ana goga masa gulukos mai kauri a cikin kumatu, ko a kai shi sashen jarirai a sa masa ƙarin ruwa.

Akwai kuma wahalar numfashi, domin yawan insulin yana jinkirta nunar huhu, ga kuma ciwon shawara. Wanda uwarsa ke da ciwon tun kafin ciki ya fi fuskantar tawayar zuciya ko ta laka, tunda gaɓoɓin nan suna haɗuwa ne a makonnin farko. Galibi ba a sallamar jaririn kafin awa 24, sai an ga yana shan nono sosai kuma sukarinsa ya daidaita.