Waiwaye: Yadda bindiga ta samu wurin zama a ƙauyukanmu

Duk lokacin da aka kai wani matashi makwancinsa bayan harbin 'yan bindiga, gardama ɗaya ce ke tashi a zaman makoki da shafukan sada zumunta: a bar kowa ya mallaki bindiga ya kare kansa, ko a yi sulhu da mutanen daji? A nan ne ake tuna ɗalibin nan da aka harbe a makarantar kimiyya ta Kagara, jihar Neja, a Fabrairun 2021, daren da aka kwashe 'yan uwansa ɗalibai, da ɗalibai 5 na jami'ar Greenfield ta Kaduna da aka tsinci gawarwakinsu a watan Afrilun shekarar. Yara ne da iyaye suka tura neman ilimi. Amma yadda ake maganar, sai ka ce a 2021 ne bala'in ya faɗo daga sama.

Farkon labarin sananne ne. An yi zamanin 'yan kwanta-kwanta a manyan hanyoyi, sai satar shanu ta yi ƙamari a dazuzzukan Rugu da Kamuku da Kuyambana. Libiya ta wargaje a 2011, makamai suka kwararo ta hamada, ga kuma kuɗin zinariya na yawo a Zamfara.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne lokacin da hukunci ya bar zauren dagaci ya koma tsakiyar kasuwa. A da, idan shanu suka yi ɓarna a gona, mai unguwa da arɗo ne ke zuwa su ga ɓarnar da idonsu, a yanka kuɗi, a biya, kowa ya kama gabansa. Bindigar da ke gari ta maharba ce, ta toka, wadda sai an ɗura kafin a sake harbi. Da sata ta ishi mutane, kai ƙara kuma bai dawo da ko ɗan maraƙi ba, sai samari suka haɗa ƙungiyoyin sa-kai. Wanda ya san zafin rasa shanun huɗa ba zai yi saurin zarginsu ba. Sai dai abin ya wuce gona da iri: ranar kasuwa a nuna mutum a ce ɓarawo ne, a kashe shi a gaban jama'a, babu shaida babu alƙali. Sau da yawa laifinsa kawai shi ne daga ruga ya fito.

Makiyaya da dama suka daina shiga kasuwa. Yaron da ya ga an kashe mahaifinsa, garken gidansu kuma ɓarayi sun riga sun kore, daji ne ya karɓe shi. Wasu rugage suka sayar da ragowar shanu suka sayi AK-47, da sunan kare kai su ma. Ainihin ɓarayin kuwa gaba ta kai su, domin sun samu sabbin yara masu ƙullaci a zuci.

A watan Afrilun 2014 aka ga inda hakan ya dosa. 'Yan banga da shugabannin al'umma sun taru a 'Yar Galadima, cikin ƙaramar hukumar Maru ta jihar Zamfara, don tattauna yadda za su tunkari ɓarayi, sai mahara suka iso a kan babura suka buɗe wuta. An binne mutane sama da 70. Daga nan ramuwar gayya ta zama ta gari guda: a kashe ɗaya, a ƙone ƙauye. Da shanu suka yi ƙaranci, sai aka koma satar mutane, har aka kai ga kwashe ɗaliban makaranta a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021.

An gwada sulhu, an gwada rufe kasuwanni da katse layukan waya a 2021. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da tata, wato Askarawa, a 2024. Samari ne dai ke riƙe da waɗannan bindigogi, kuma har yanzu ba mu ji ana tambayar gaban wa za su kai wanda suka kama ranar kasuwa ba.