Ma'anar "adadin mace-mace da aka daidaita da shekaru" a lissafin kansar hanta

Idan aka ji a rediyo cewa mace-macen kansar hanta sun ƙaru a wata ƙasa, magana biyu ce ake iya nufi. Ta farko ƙirgen mamata ne zalla. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar ta kashe mutum kusan 760,000 a duniya a 2022. Irin wannan ƙirge yana hawa ko da haɗarin bai ƙaru ba, saboda jama'a na yawaita, tsofaffi ma haka.

Ta biyu ita masana ke bi. A raba yawan mamata da yawan jama'a, a ninka da 100,000. A ce gari mai mutum 200,000 ya rasa 20 a shekara, adadinsa 10 ke nan. Sai a yi lissafin rukuni-rukuni, 'yan shekara 40 zuwa 44 daban, 45 zuwa 49 daban, a ɗora kowane rukuni bisa ma'aunin jama'a ɗaya da aka yarda da shi, wato kamar rabon yara da tsofaffi iri ɗaya ne a kowace ƙasa. Wannan shi ne daidaitawa da shekaru. In babu shi, ba a kwatanta Najeriya, wadda kusan rabin mutanenta ba su haura shekara 18 ba, da Japan mai tarin dattawa. Da shi aka gane adadin Amurka ya tashi daga 7.2 zuwa 10.3 tsakanin 2000 da 2016, cikin masu shekara 25 zuwa sama.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar adadin bana a matsayin sakamakon aikin bana. Ƙwayar cutar hanta nau'in B da jariri ya ɗauka wajen haihuwa, ko yaro ta askar wanzami da ba a tsabtace ba, tana cin hanta a ɓoye shekara 30 ko 40 kafin ta zama kansa. Gubar aflatoksin ta gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna a rumbu tana ƙara rura wutar. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin nau'in B a 1984, ta kuma ga kansar hanta ta ragu cikin yaranta. Najeriya sai 2004 ta sa allurar cikin rigakafin yau da kullum, don haka waɗanda suka fara samunta yanzu suke samartaka. Binciken ƙasa na 2018 ya sami nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64. Daga cikinsu mace-macen shekaru masu zuwa za su fi fitowa.

A Sakkwato kuma akwai wani giɓi. Mutum ya kumbura ciki, idanu su yi shawara, ya rasu a gida, a yi jana'iza kafin la'asar, babu takardar likita. Bai shiga lissafi ba. Shi ya sa alkaluman ƙasarmu ƙiyasi ne daga rajistocin kansa, wato kundayen da ake rubuta waɗanda aka samu da cutar, kuma in rajista ta inganta adadin kan tashi ba don cutar ta ƙaru ba. Haka kansar nono ko ta hanji da ta yaɗu zuwa hanta, ba ta cikin wannan ƙirge.

Abin da ke sauko da adadin sananne ne: allurar farko ta rigakafin nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, sannan a mako na 6, 10 da 14. Babba ya yi gwajin jini. In an sami ƙwayar, likita a asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai duba ko lokacin fara maganin tenofovir ya yi, wanda hantarsa ta fara taurarewa kuwa a riƙa yi masa hoton ciki duk wata shida.