Wane Iyafis Ya Dace da Mai Gudu a Zafin Saudiyya? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya saba fita bakin tekun Jidda bayan Isha'i, ko Wadi Hanifa a Riyad da sanyin asuba, ya san masu gudu sun yi yawa yanzu, maza da mata, kuma 'yan uwanmu Hausawa na cikinsu. Tun da aka fara gudun famfalaki na Riyad a watan Maris na 2022 abin ya ƙara fitowa fili. Kusan kowa kuwa da abu maƙale a kunne. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa idan hira ta biyo ta kan iyafis.

Malam, wanda nake amsa waya da shi ba zai yi ba? Dole sai na sayi na gudu daban?

Ba dole ba ne. Sa shi ka fita. Idan ya zauna daram bayan ka jiƙe sharkaf, kuma kana jin motar da ke tahowa ta bayanka, to riƙe kuɗinka.

Inda ake samun matsala shi ne yawancinmu a cikin shago muke zaɓe, muna tsaye cikin sanyin esi, mai shago ya sa mana kiɗa mai kauri, mu gyaɗa kai mu ce wannan ya yi. Alhali daɗin sauti shi ne abu na ƙarshe da mai gudu zai duba. Kafin a zo kansa akwai zama a kunne, akwai jure zufa, akwai kuma barin kunne ya ji abin da ke faruwa a hanya.

Nawa kullum faɗowa yake da zarar na fara zufa. Kunnena ne ko iyafis ɗin?

Sau da yawa robar bakinsa ce. Ana haɗo roba girma uku ko fiye a cikin kwali, amma mutane da wadda suka tarar a jiki suke amfani har ya lalace. Gwada duka. Kuma ba lallai kunnuwanka biyu su ɗauki girma ɗaya ba. Kana iya sa matsakaiciya a dama, ƙarama a hagu, babu wani aibu.

Idan canjin roba bai yi magani ba, sai a canza ƙira. Akwai mai ɗan fiffiken roba da ke tokare cikin lanƙwasar kunne. Akwai mai ƙugiya da ke zagaye bayan kunne, irin Powerbeats Pro da JBL Endurance Peak, kuma shi ya fi kowanne riƙo. Akwai mai kama gefen kunne kamar ɗan kunne, irin Huawei FreeClip. Wanda ya fi saurin tsiyaya ƙasa shi ne mai santsin jiki wanda ba roba ba ƙugiya, ana ɗora shi kawai a bakin kunne.

Kafin ka biya, ko a ranar farko tun kana iya mayarwa, yi tsalle a tsaye, girgiza kai, yi hamma, yi kamar kana tauna. Motsin muƙamuƙi yana sauya siffar ramin kunne, shi ya sa wani iyafis ɗin sai ka fara haki da baki buɗe yake sulluɓowa.

Mene ne IPX4 da IP67 da ake rubutawa a jikin kwali?

Wannan rubutun ya fi duk wani kirarin da kamfani zai yi wa kayansa amfani. Ma'auni ne na ƙasa da ƙasa, IEC 60529. Bayan harufan IP akwai gurbi biyu. Na farko na ƙura ne, daga 0 zuwa 6, inda 6 ke nufin ƙura ba ta shiga sam. Na biyu na ruwa ne: 4 yana jure fantsamar ruwa ta kowace fuska, 5 yana jure feshi, 7 kuwa yana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Idan ka ga X a wani gurbi, ba a ba shi maki a wannan ɓangaren ba ke nan. Saboda haka IPX4 bai yi maka alkawarin komai a kan ƙura ba.

A nan garin da kake zaune ya shigo. A Jidda iska cike take da laima, zufa ba ta bushewa, gangarowa take daga kai ta bi bayan kunne, don haka lambar ruwa za ka fi sa wa ido. A Riyad iska busasshiya ce, zufar kan bushe nan da nan ta bar gishiri, ga kuma ƙurar da kan turnuƙe gari, don haka nemi wanda gurbinsa na farko ke da 5 ko 6. Ga mai gudu a waje a ƙasar nan, ni ina ganin IPX4 shi ne mafi ƙaranci, IP55 zuwa sama ya fi kwanciyar hankali.

Kada tsada ta ruɗe ka a wannan wurin. Powerbeats Pro 2 IPX4 ne. AirPods Pro 2 mai cajin USB-C IP54 ne. Shokz OpenRun IP67 ne, alhali yayansa OpenRun Pro, wanda ya fi shi kuɗi, IP55 ne. JBL Endurance Peak 3 kuma IP68.

Abu biyu ne kwalin ba zai faɗa maka da babbar murya ba. Da ruwan daɗi ake yin gwajin, ba da zufa ko ruwan teku ba, gishiri kuwa cin ƙarfe yake, musamman 'yan ɗigon ƙarfen nan da caji ke bi. Sannan kariyar tana raguwa da tsufa. Goge shi da busasshen ƙyalle ka bar shi ya sha iska kafin ka mayar cikin gidansa, domin gidan cajin sau da yawa bai kai iyafis ɗin jure ruwa ba.

Wannan da ake cewa yana aika sauti ta ƙashi, gaskiya ne ko dabarar sayarwa ce?

Gaskiya ne. Ba ya shiga kunne ko kaɗan. Yana zama a kan ƙashin da ke gaban kunne, ya riƙa yin rawa a hankali, ƙashin ya kai wannan girgizar har kunnen ciki ba tare da ta bi ta dodon kunne ba. Kamfanin da ya fi suna a kansa shi ne Shokz, wanda a da ake kira AfterShokz. Akwai kuma wani nau'in da shi ma ba ya toshe kunne amma ba ta ƙashi yake aiki ba: 'yar lasifika ce ke rataye a bakin kunne tana hura sauti ciki.

Rauninsa a fili yake. Sautin ba shi da kauri, idan ka ƙure murya yana yi maka caƙulkuli a kunci, kuma a bakin babban titi hayaniya na danne shi. Mai son ganga ta dake shi a ƙirji ba zai ji daɗinsa ba.

Amma a duba abin da yawancinmu ke saurara idan mun fita: karatun Alƙur'ani, tafsiri, wa'azi, labaran sashen Hausa na rediyo, saƙon murya daga gida Kano ko Damagaram. Duk muryar mutum ce, ita kuwa fitowa take tar a irin wannan iyafis ɗin. Kunnenka a buɗe, zufa ba ta taruwa a ciki, ba ka jin dukan sawunka yana amsawa cikin kai yadda yake yi idan kunne na toshe, za ka ji kiran salla, za ka amsa sallamar wanda ya wuce ka. Ga mai gudu a waje, wannan nau'in nake fara ba da shawara.

To mai kashe hayaniya fa? Na ji an ce shi ne ƙarshe.

A jirgi daga Jidda zuwa Kano, shi ne ƙarshe. A gidan motsa jiki ma, kan injin gudu, ya yi daidai, don babu abin da zai buge ka. A titi kuwa kashe shi.

Zafi ya sa gudunmu na dare ne ko na duhun asuba, lokacin da ido ba ya gani sosai, kunne ke rabin aikin tsaro. A bakin teku akwai masu kekuna da yara kan sikuta mai batir, ba sa ƙara. Motoci masu lantarki ma suna ƙaruwa, tun 2023 kamfanin Lucid ke haɗa su a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdallah, kuma idan suna tafiya a hankali sautinsu kaɗan ne. A lungunan Makka irin na Shara Mansur da Misfala kuwa, babur na iya ɓullowa ta kowace kwana.

Yawancin masu kashe hayaniya suna da wani tsari da ke shigo da sautin waje ta makirfo. Ya fi babu, sai dai iskar teku kan bugi makirfon ta cika kunne da huci. Idan shi kaɗai gare ka, sa ɗaya ka bar kunnen da ke ɓangaren motoci a buɗe.

Ni da hijabi nake gudu, ga tabarau. Wanne zai yi mini?

Hajiya, ke kam faɗuwa ba ta cika zama matsalarki ba, mayafin na tare shi. Matsalarki matsi ce da zafi. Mai ƙugiya zai yi cunkoso da ƙafar tabarau da hular ciki a bayan kunne, kafin rabin awa wurin ya fara zogi. Mai kan da ya turo waje, yadin zai riƙa danna shi ciki. Nemi ɗan ƙarami da ke kwanciya cikin kunne, ko na ƙashi a sa shi ƙarƙashin mayafi, a fara sa shi sannan tabarau.

Ki kuma zaɓi mai maɓallin dannawa na gaske. Mai aiki da shafa, jiƙaƙƙen yadi kan taɓa shi ya tsayar da karatu ko ya katse kira. Wasu ana iya kashe shafar a cikin manhajarsu.

Wane ƙarfin murya ne ba zai cutar da kunne ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar baligi a desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 40 a mako. Lissafin ba ya tafiya a hankali: duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, shi ya sa a desibel 90 abin da ya rage awa 4 ne kacal a mako. Shawararta mai sauƙi ita ce kada murya ta wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarshenta. Wayoyin iPhone da wasu na Android suna da wurin ƙayyade murya a cikin saiti, a yi amfani da shi.

Na ƙashi bai tsira daga wannan ba, tunda kunnen ciki ɗaya sautin ke zuwa. Har ma yana da tarko: kusa da titi mai hayaniya irin Titin Sarki Fahad za ka yi ta ƙara murya don ka ji. Idan ka kai nan, tsayar da shi har ka wuce wurin. Idan kuma ka dawo gida kunne na ƙara ko ka ji shi a dushe, ya riga ya faɗa maka ka wuce gona da iri.

Batir awa nawa ya isa?

Awa 6 zuwa 8 ya wadaci kusan kowa, har mai shirin kilomita 42. OpenRun na yin awa 8, cajin minti 10 kuma yana ba shi kamar awa ɗaya da rabi.

Abin da ke kashe batir a nan zafi ne. Apple ya rubuta cewa a yi amfani da AirPods tsakanin digiri 0 da 35, a adana su ƙasa da 45. Makka da Riyad suna haura 40 a tsakiyar zafi, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce haka nesa. Kada a bar shi a mota.

Daga Janairun 2025 Saudiyya ta wajabta cajin USB-C a kan wayoyi da iyafis da ake shigowa da su. Har yanzu dai ana cin karo da tsofaffin samfura masu igiyar caji ta musamman, wadda idan ta ɓata sai an sha yawo.

Mai igiya ya zama tsohon yayi?

Ba ya mutuwa a tsakiyar hanya, ga araha. Zura igiyar ta cikin riga don kada ta riƙa dukan ƙirji tana fizgo shi.

Ina zan saya? Na ga irinsa sak a bakin hanya da 'yan riyal kaɗan.

Araha ba ta ado, amma mai araha daban, jabu daban. Akwai kamfanoni masu sauƙin farashi irin Soundcore da JBL da kayansu ke da ma'aunin IP na gaske. Jabun kuwa yana iya buga IP68 a kwali alhali ko yayyafi bai taɓa gani ba, har ma wasu jabun AirPods suna nuna hotonsu a fuskar iPhone kamar na asali, don haka wannan ba hujja ba ce.

Saya a inda za a ba ka fatura, wato rasit, mai lambar haraji, ko a manyan shaguna irin Jarir da eXtra, ko a amintaccen shagon waya. Ma'aikatar Kasuwanci ta sa garantin aƙalla shekara 2 a kan kayan lantarki, tana kuma karɓar ƙorafi ta lamba 1900. Karanta sharuɗɗan dai, don kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar lalacewar da ruwa ya jawo. Ɗauki hoton faturar a ranar, rubutun irin wannan takarda gogewa yake, a zafin nan kuwa ba ya daɗewa.

Kunnena na ƙaiƙayi bayan gudu. Iyafis ɗin ne?

Yana iya yiwuwa. Ramin kunnen da aka toshe cikin ɗumi da laima wuri ne da ƙwayoyin cuta ke so, ga robar tana tura dauɗar kunne ciki. Cire robar ka wanke ta da ruwa, ta bushe sarai kafin ka mayar. Kada ka yi aron iyafis, kada ka bayar, kuma kada ka bi ƙaiƙayin da tsinken auduga ko gashin kaza, ƙara ɓata fatar wurin suke. Huta da mai shiga kunne na 'yan kwanaki. Idan akwai zogi, ko ruwa na fita, ko ji ya ragu, je wurin likitan kunne kafin ka sake sa komai a ciki.