Ma'anar Tsayayyun Ƙimomi da Harshen Manhaja Ke Zuwa da Su

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja yakan ci karo da wasu sunaye waɗanda ba shi ya raɗa su ba, amma harshen da yake aiki da shi ya san su tun kafin ya rubuta layin farko. Idan ya rubuta M_PI a harshen PHP, kwamfuta za ta ba shi lambar nan ta lissafin da'ira mai farawa da 3.14159, ba tare da ya sanar da ita komai ba. Irin waɗannan sunaye su ake nufi da tsayayyun ƙimomin da aka riga aka tanada: suna ne da masu gina harshen suka ɗaura wa wata lamba ko wani rubutu, kuma manhaja ba ta da ikon sauya shi muddin tana cikin aiki. A PHP ana gane su da ido, domin ma'ajin da ƙimarsa ke sauyawa yana farawa da alamar dala, ita kuwa tsayayyiyar ƙima ba ta da wannan alama, kuma bisa al'ada da manyan baƙaƙe ake rubuta ta.

Inda masu koyo suka fi yin tuntuɓe shi ne zaton cewa tsayuwar tana nufin lambar ɗaya ce a ko'ina. Ba haka abin yake ba. PHP_INT_MAX, wato lamba cikakkiya mafi girma da harshen zai iya riƙewa, tana daidai da 2147483647 a tsari mai bit 32 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta, wato 0 ko 1), amma a tsari mai bit 64 ta kai 9223372036854775807. Abin ya yi kama da mudu, wanda sunansa ɗaya ne a duk kasuwanni, girmansa kuwa ya danganta da kasuwar da mutum ya shiga, ko da yake a cikin kasuwa guda kowa ya san abin da ake nufi. Wanda ya rubuta lambar da hannunsa ya ɗaure manhajarsa ga na'ura ɗaya, wanda ya kira sunan kuwa ya bar wa harshen aikin gano girman da ya dace. Wannan lamba ta 2147483647 ita ce kuma tushen matsalar shekarar 2038, domin tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 a ma'aji mai bit 32 za su cike shi a ranar 19 ga Janairu 2038.

Irin wannan bambanci tsakanin na'urori yana nan ga PHP_EOL, alamar ƙarshen layi, wadda Linux ke yi da harafi ɗaya, Windows kuwa da biyu, da DIRECTORY_SEPARATOR, sandar da ke raba sunayen jakunkunan fayil, wadda ke karkata gaba a Linux, baya a Windows.

Wani lokaci ma ba na'ura ce ke sauyawa ba, harshen ne da kansa. E_ALL, sunan da ake amfani da shi idan ana so PHP ya bayyana kowane irin kuskure, ƙimarsa 30719 ce a PHP 5.3, sai ta koma 32767 a PHP 5.4. Manhajar da aka rubuta wa tsohuwar lambar kai tsaye ba ta amfana da wannan sauyi ba, mai ɗauke da sunan kuwa ta bi sabon tsari ba tare da an taɓa ta ba. A ganina ko da lambar ba ta taɓa sauyawa ba, sunan ya fi, saboda wanda ya gaji aikin bayan shekaru zai fahimci E_ALL da kallo ɗaya, amma 32767 sai ya tsaya bincike.

PHP na da wani rukuni mai ɗan ban mamaki, irin su __LINE__ da __FILE__, masu alamar _ guda biyu a gaba da baya. Na farkon yana ba da lambar layin da aka rubuta shi, saboda haka ƙimarsa a layi na 10 daban take da ta layi na 50. Ana lissafa su cikin tsayayyu ne domin ana tantance ƙimarsu tun lokacin da ake fassara rubutun zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, kafin manhaja ta soma aiki, kuma sun fi amfani wajen gano inda kuskure ya auku.

Sauran harsuna kowanne da irin tsaurinsa. Harshen C ya ajiye INT_MAX, takwarar PHP_INT_MAX, a fayil ɗin limits.h, kuma ƙimarsa ta danganta da na'ura da mafassari, alhali Integer.MAX_VALUE na Java 2147483647 ne a ko'ina, domin Java ya ƙayyade girman wannan nau'in lamba a bit 32. Python ya fi su sassauci. A Python 2 mutum na iya ba True, sunan da ke nufin gaskiya, wata ƙima dabam harshen ya amince, sai da Python 3 ya fito a 2008 aka rufe wannan ƙofa, amma har yanzu babu abin da zai hana mai ganganci sauya math.pi, wato lambar nan ta lissafin da'ira, illa al'adar masu sana'ar da ta hana taɓa shi.

PHP ma ya daɗe da irin nasa sakacin. A da, idan mutum ya yi kuskuren harafi wajen rubuta sunan tsayayyiyar ƙima, harshen yakan ɗauki sunan a matsayin rubutu kawai, ya yi ɗan gargaɗi ya wuce, lissafi ya lalace a ɓoye. Tun daga PHP 8, wanda ya fito a 2020, irin wannan kuskure yana tsayar da manhajar nan take tare da faɗin sunan da ba a gane ba.