Kuka ba ta 'ya'ya sai da baƙin dare

Manoma da yawa za su nuna maka kukar da ke bakin gona su ce namiji ce, kullum tana fure amma ba a cin moriyarta. Wannan magana ba daidai take ba gaba ɗaya. Kowane furen kuka yana ɗauke da ɓangaren namiji da na mace a jikinsa. Matsalar ita ce garin furen bishiya ɗaya ba kasafai yake yi mata barbara ba, sai an ɗauko shi daga wata kukar. Mai ɗaukowar kuma da dare yake aiki, lokacin da mai gona ya riga ya kwanta.

Da magariba furen yake buɗewa, fari fat, yana reto kai ƙasa a kan doguwar tsinka, ga wani tulin zare-zare a tsakiyarsa cike da gari. Warinsa ba daɗi ga hancin mutum. Kafin yammacin washegari ya yi ja-ja ya yanƙwane, daga nan sai ya faɗi. Dare ɗaya tak ke gare shi, idan ba a ziyarce shi ba a wannan daren, shi ke nan.

A Afirka ta Yamma jemagu masu cin 'ya'yan itace ne suka fi yin wannan aiki, kuma tun shekarun 1940 masana suka rubuta hakan. Amma binciken da aka yi a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu ya nuna cewa a can jemagu ba su cika zuwa ba, manyan malam-buɗe-littafin dare ne ke kewaya furannin. A Madagaska, inda 6 daga cikin nau'o'in kuka 8 na duniya suke, masu dogon fure ja ko rawaya da waɗannan ƙwari suka dogara. Haka ma kukar Ostireliya.

Ƙwaron yana da kaurin jiki da siraran fikafikai. Yakan tsaya cak a iska gaban fure yana kaɗa fikafikai, ya warware dogon bakinsa da ke naɗe kamar tabarma, wanda a wasu nau'o'in ya fi jikinsa tsawo, ya zuƙi ruwan zaƙi. Gari ya manne masa, ya tashi da shi zuwa kuka ta gaba.

To ga inda gizo ke saƙar. Kafin ya yi fikafikai, tsutsa ce ƙatuwa mai ɗan ƙaho a wutsiya, kuma akwai nau'in da ke cin ganyen dankali. Manomi ya gan ta, ya ɗauko famfon feshi. Ba na cewa a bar amfanin gona ya lalace, amma idan tsutsotsin ƙalilan ne, tsince su da hannu ya wadatar. Idan feshin ya zama dole a lokacin da kuka ke fure, wato farkon damina, kada a yi shi da yamma liƙis kusa da bishiyar, kuma a duba inda iska ke kaɗawa.

Sassabe rassa don ganye ma yana rage fure sosai, don haka a riƙa barin wasu rassan ba a taɓa ba. Wuta mai haske da ake bari a kunne duk dare kusa da bishiya tana ɗauke hankalin ƙwarin daga furanni. Yara masu jifan jemagu da danƙo a ja musu kunne. Wanda kuma zai sare kuka don wai ba ta 'ya'ya, ya fara tunawa cewa mai yiwuwa garin furenta ne ke sa ta maƙwabcinsa haihuwa. Masu dasa sababbi su dasa fiye da ɗaya, daga irin bishiyoyi daban-daban, ba da nisa sosai da juna ba.