Jami'ar karatu daga gida

Jami'ar karatu daga gida, wadda ake kuma kira buɗaɗɗiyar jami'a, ita ce jami'ar da ɗalibi ke yin mafi yawan karatunsa ba tare da ya zauna a aji gaban malami ba. Darasi ne ke iske shi inda yake, a takarda ko ta rediyo da talabijin ko ta intanet, shi kuma ya yi aikin da aka ba shi ya mayar a duba. Ba ya taka harabar makaranta sai don jarrabawa, ko aikin ɗakin gwaje-gwaje, ko ganawa da mai jagorantar karatu. Galibin ɗalibanta manya ne masu hidimar gida da ta aiki: malaman firamare, ma'aikatan gwamnati, sojoji da 'yan sanda, matan aure, 'yan kasuwa, har da fursunoni.

Da yake malami ba ya kusa, duk abin da zai yi da baki a aji tilas a gina shi cikin kwas ɗin tun kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya. Wannan ya sa irin waɗannan jami'o'i suka zama inda aka fi zurfafa tunani kan yadda ake tsara kwas, kuma da dama daga cikin dabarun da jami'o'in zama a aji ke amfani da su yau a nan aka fara gwada su.

Asali

Karatu ta gidan waya shi ne tushe. A shekarun 1840 Isaac Pitman ya riƙa koyar da rubutun gaggawa a Ingila ta hanyar aika wa ɗalibai darasi a wasiƙa, su yi aiki su maido masa ya gyara. Abin ya yiwu ne saboda a 1840 aka mayar da kuɗin aika wasiƙa kobo ɗaya na Ingila zuwa ko'ina cikin ƙasar. A 1858 Jami'ar Landan ta ba da dama ga wanda bai zauna a kwalejojinta ba ya rubuta jarrabawar digirinta daga nesa. Jarrabawa kawai take shiryawa, koyarwa kuwa kamfanonin karatu ta wasiƙa ne suka ɗauka, irin su Wolsey Hall da Rapid Results College. Ta wannan ƙofa wasu 'yan Najeriya suka sami digiri tun kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar naira goma, ya sami digirinsa na falsafa ta haka a ƙarshen shekarun 1920.

Jami'ar Afirka ta Kudu, UNISA, ta koma koyarwa daga nesa a 1946, kuma tana cikin na farko a duniya da suka mayar da hakan aikinsu gaba ɗaya. A nan Nelson Mandela ya kammala digirinsa na shari'a a 1989 yana tsare.

Jami'ar Birtaniya ta 1969

Wadda ta zama abin koyi ita ce Open University ta Birtaniya. Harold Wilson ne ya kawo maganar a 1963, lokacin yana jagoran 'yan adawa, da nufin a kafa jami'ar da za ta riƙa koyarwa ta rediyo da talabijin. Da ya zama firayim minista sai ya danƙa aikin a hannun minista Jennie Lee, wadda ta dage cewa digirin ya zama daidai da na kowace jami'a, kuma kada a nemi takardar shaidar komai daga mai son shiga. An ba jami'ar izini a 1969, aka kafa hedikwatarta a Milton Keynes, Walter Perry ya zama shugabanta na farko, kuma a Janairun 1971 ɗalibai kimanin 25,000 suka fara karatu.

Mutane sun fi tunawa da shirye-shiryen da BBC ke watsawa da sassafe ko da tsakar dare, waɗanda aka ci gaba da yi har 2006. Amma talabijin ɗan ƙaramin kaso ne na lokacin ɗalibi. Nauyin karatun yana kan littattafan da ake aikowa ta gidan waya, da aikin gida da ake aika wa malami ya yi sharhi a kai. Ɗaliban kimiyya har akwati ake aika musu gida, da kwalaben gwaji da sinadarai da ƙaramin madubin ganin ƙwayoyin halitta, su yi gwajinsu a kan teburin cin abinci. Da bazara kuma a tara su mako guda a harabar wata jami'a da ke hutu.

Ƙasashe da dama sun bi sahu. Pakistan ta kafa tata a 1974, wadda ake kira Allama Iqbal yanzu, Indiya ta kafa ta Indira Gandhi a 1985, Tanzaniya a 1992, Sudan a 2002.

Yadda ake tsara kwas

A jami'ar zama a aji, malami ɗaya ne ke da kwas ɗinsa. Shi ke shirya lakca, shi ke gabatarwa, shi ke fitar da tambayoyi. In ya ga fuskokin ɗalibai sun nuna ba su gane ba, ya sake bayani da wani misali. In ya yi kuskure yau, ya gyara a mako mai zuwa. A karatu daga gida babu wannan dama, domin kuskuren da aka buga ya tafi gidaje dubbai.

Saboda haka Open University ta fito da tsarin tawagar kwas. Malamai masana fannin za su zauna tare da edita, da mai tsara hotuna da zane, da furodusa na rediyo ko talabijin, da masanin dabarun koyarwa wanda aikinsa shi ne ya riƙa tambaya a madadin ɗalibin da ba ya wurin. Kowa ya rubuta ɓangarensa ya kawo, a karanta a soka, ya koma ya sake, sau biyu ko uku. Kwas ɗaya kan ci shekara biyu ko fiye kafin ya fita, sannan a yi ta amfani da shi shekaru da dama kafin a sabunta. Malaman da suka saba ba mai leƙa musu aji ba su ji daɗin wannan ba da farko, ba kuma abin mamaki ba ne: farfesa ne za a ce wa shafinsa na uku ba ya fahimtuwa.

Ana fara tsarin ne daga ƙarshe. Da farko a rubuta abin da ake so ɗalibi ya iya yi idan ya gama, da kalmomin da za a iya aunawa. "Ya san dokar buƙata da wadata" ba ta isa ba. Abin da ake so shi ne a ce "ya bayyana dalilin da ya sa farashin gero ke sauka da kaka ya hau da damina". Daga nan a tsara irin aikin gida da jarrabawar da za su nuna ko ya iya, sannan a zaɓi abin karantawa da atisayen da za su kai shi wurin. Rabe-raben matakan fahimta da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, daga haddacewa zuwa aiki da ilimi zuwa tantancewa, shi ne ma'aunin da masu tsarawa suka fi riƙewa a nan.

Ana kuma lissafa lokaci. A Open University kwas mai kiredit 60 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas) ana ƙiyasta zai ci sa'o'i kusan 600 na ɗalibi, wato wajen sa'o'i 16 a mako. Mai tsarawa sai ya ƙirga shafukan da mutum mai aiki da iyali zai iya karantawa a daren Talata bayan ya dawo a gajiye. Yawan cusa abin karantawa na cikin manyan abubuwan da ke korar ɗalibai.

Salon rubutun ma daban ne da na littafin karatu na yau da kullum. Ana magana da ɗalibi kai tsaye, a ce masa "tsaya nan ka amsa wannan tambaya kafin ka juya shafi", a bar masa fili ya rubuta, a ajiye amsar a ƙarshen babi. Masani ɗan Suwidin Börje Holmberg ya kwatanta wannan da hira tsakanin malami da ɗalibi wadda aka shirya a rubuce. Wani masanin kuma, Michael Moore, ya nuna cewa nisan da ke cutar da karatu shi ne na fahimta, wanda ke ƙaruwa idan musayar magana ta yi ƙaranci kuma tsarin kwas ya yi tsauri. A ma'auninsa, ɗalibin da ke zaune a layin ƙarshe na ɗakin lakca mai mutum dubu, lasifika ba ta aiki, yana iya fin mai karatu daga ƙauye nisa da malaminsa.

Ƙashin bayan tsarin shi ne malamin da ke duba aikin gida. Ba shi ya rubuta kwas ɗin ba, kuma yawanci aikin wucin gadi yake yi, an ba shi ɗalibai kamar ashirin. Abin da ake nema gare shi ya wuce maki: ya rubuta a gefen takarda inda hujja ta yi rauni da yadda za a gyara. Ga ɗalibai da yawa wannan sharhi ne kaɗai wurin da wani ke magana da su su kaɗai.

Ta fuskar kuɗi, shirya kwas na da tsada ƙwarai, amma ƙara ɗalibi ɗaya a kansa ba ya cin komai sosai. Otto Peters na Jamus ya kira wannan koyarwa irin ta masana'anta, mai rabon aiki da yawan samarwa. Shi ya sa irin waɗannan jami'o'i ba sa riba sai da ɗimbin ɗalibai, wasu ma sun haura miliyan.

Kayan aiki

Bayan gidan waya da rediyo an yi zamanin kaset da bidiyo da faifan kwamfuta. Daga ƙarshen shekarun 1990 intanet ta karɓe. Manhajar Moodle, wadda Martin Dougiamas na Ostareliya ya fitar kyauta a 2002, ta ba jami'o'i wuri guda na ajiye darasi, karɓar aikin gida, yin muhawara da fitar da maki. A 2012 dandalin karatu ta intanet na Coursera da na edX suka fito da kwasa-kwasan da dubban ɗaruruwa ke rajista kyauta, aka yi ta hasashen cewa jami'o'i sun kusa rufewa. Sai aka tarar waɗanda ke kaiwa ƙarshe sau da yawa ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, kuma yawancinsu masu digiri ne tun asali. Bidiyon lakca yana da sauƙin yaɗawa. Mai duba aikin mutum ya ba shi shawara shi ne ke da tsada, kuma shi ne aka cire.

A Najeriya

Ƙarancin malamai ne ya fara jawo tsarin. Da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara domin horar da malaman da ke bakin aiki ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Jami'ar Legas da ta Ahmadu Bello da ke Zariya su ma sun gudanar da shirye-shiryen karatu ta wasiƙa a shekarun 1970.

Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu kan dokar kafa buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa a Yulin 1983, amma gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a Afrilun 1984. Ta kwanta kusan shekara 18 kafin gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 da sunan NOUN, ƙarƙashin Farfesa Olugbemiro Jegede. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, kuma hedikwatarta yanzu tana Jabi, Abuja. Obasanjo kansa ya zama ɗalibinta bayan ya sauka daga mulki, har ya sami digirin digirgir a ilimin addinin Kirista. Tana da cibiyoyin karatu sama da 100 a faɗin ƙasa, wasu a barikin soja, wasu a gidajen gyaran hali irin su Kirikiri da Kuje, inda fursunoni ke karatu kyauta.

Ƙofarta ba ta kai ta Birtaniya faɗi ba. Ba a rubuta jarrabawar JAMB, amma ana neman kiredit biyar na sakandare. Littafin kowane kwas an raba shi kashi-kashi, kowane kashi da gabatarwa, manufofi, bayani, tambayoyin gwada kai da taƙaitawa, kuma ana iya sauke shi kyauta daga shafin jami'ar, abin da ya sa ɗaliban wasu jami'o'i ma ke amfana da shi. Aikin gida yana ɗaukar maki 30, jarrabawa 70. Sai dai aikin gidan ya koma tambayoyin zaɓi da kwamfuta ke dubawa nan take. Hakan ya rage jira da ɓatan takardu, amma ya ɗauke sharhin malami, kuma ya buɗe kasuwa ga masu sayar da amsoshi a zaurukan WhatsApp da shagunan intanet.

Karɓuwar takardar ma ta sha gardama, musamman a fannin shari'a, inda hukumar kula da horar da lauyoyi ta yi shekaru a baya tana ƙin shigar da ɗaliban jami'ar makarantar lauyoyi. Ga kuma wuta da kuɗin data: ɗalibin da zai karanta littafi mai shafi 300 a wayar hannu yakan gwammace ya kai a buga masa.

Da annobar korona ta rufe makarantu a Maris 2020, jami'o'in gwamnati da dama ba su da kwas ko ɗaya da aka tsara don koyarwa daga nesa, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da ya ja daga Maris zuwa Disamba. Inda aka yi ƙoƙari, yawanci lakcar aji aka ɗauko aka ɗora kan Zoom, ko aka tura hotunan takardun darasi ta WhatsApp da Telegram. Masana fannin suna kiran wannan koyarwar gaggawa daga nesa, suna raba ta da kwas ɗin da aka tsara tun farko don ɗalibin da ba ya aji. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke ba jami'o'in zama a aji lasisin buɗe cibiyoyin karatu daga nesa, kuma jami'o'in Ahmadu Bello, Ibadan, Legas, Abuja da Maiduguri suna cikin masu irin waɗannan cibiyoyi.