Manzannin Almasihu da asalinsu na Yahudanci: tambayoyi da amsoshi

Shin manzannin farko sun ɗauki kansu masu sabon addini?

A'a. Bitrus, Yohanna da Yakubu Yahudawa ne 'yan ƙasar Galili, kamar Yesu kansa. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna su suna ci gaba da zuwa Haikalin Urushalima, har ya ambaci Bitrus da Yohanna za su addu'ar ƙarfe uku na yamma. Abin da ya raba su da sauran 'yan'uwansu shi ne imaninsu cewa Almasihun da ake jira ya riga ya zo. Sunan Kirista ma a Antakiya aka fara kiran su da shi, daga baya.

Da wane littafi suke wa'azi, tun da ba a rubuta Sabon Alkawari ba tukuna?

Da Attaura, da Zabura, da littattafan annabawa. A wa'azinsa na ranar Fentikos, wadda ita kanta idin Yahudawa ce, Bitrus ya kafa hujja da Annabi Yowel da Zaburar Dawuda. Masu jin Helenanci kuwa sun dogara da fassarar waɗannan littattafai zuwa Helenanci, wadda aka soma a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu.

To, Bulus fa? Ba shi ne ya yi watsi da Shari'ar Musa ba?

Nan ne mutane suka fi yin gaggawar yanke hukunci. Bulus ya kira kansa Bafarisiye, wato ɗan ɗariƙar Yahudawa masu tsananta kiyaye Shari'a, ɗan kabilar Biliyaminu, kuma in ya sauka gari, majami'ar Yahudawa yakan fara nufa ran Asabar. Gardamarsa a kan baƙi ce: wanda ba Bayahude ba, in ya ba da gaskiya, sai an yi masa kaciya?

Maganar ta kai har bakin akushi. A Antakiya, Bitrus yana cin abinci tare da Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, amma da wasu suka iso daga wurin Yakubu ɗan'uwan Yesu, sai ya janye jiki. Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a, ya kuma ba da labarin da kansa a wasiƙarsa ga Galatiyawa. A taron Urushalima, wajen shekara ta 49, aka yanke cewa ba za a ɗora wa Al'ummai kaciya ba. Sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka shaƙe, da fasikanci. A lura, babu wanda ya tashi a wurin yana neman a hana Bayahude mai bi kiyaye Shari'arsa. Bulus ɗin ma shi ya yi wa abokin tafiyarsa Timoti kaciya, wanda uwarsa Bayahudiya ce.

Yaushe aka raba gari?

Sannu a hankali. Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, suka kuma murƙushe tawayen Yahudawa da Bar Kokba ya jagoranta a 135 tare da hana Yahudawa zama a Urushalima. Al'ummai suka rinjaya a cikin ikkilisiya, wato jama'ar masu bin Almasihu. Duk da haka, da wani malamin Kirista mai suna Markiyon ya nemi a yar da Tsohon Alkawari baki ɗaya, ikkilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144.